Daga Wuri Zuwa Kirifto: Waiwaye A Kan Kuɗin Da Ba Hukuma Ta Buga Ba

Ushafa gari ne na Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, a gindin duwatsu cikin yankin Bwari na Babban Birnin Tarayya, dab da madatsar ruwa ta Usuma wadda Abuja ke sha daga gare ta. Da ginin tukwane aka san shi, kuma saboda tukwanen nan ne aka kai shugaban Amurka Bill Clinton can a watan Agusta na shekarar 2000. Yumɓun da matan garin ke cuɗawa da yadda suke gina tulu da randa ba su sauya sosai ba tun zamanin kakanni. Abin da ya yi ta sauyawa shi ne abin da mai saye ke miƙawa in ya ɗauki tukunyar. An yi zamanin da wuri ake zubewa a ƙasa a ƙirga, aka zo zamanin anini da kwabo da sule, aka shiga naira a 1973, har aka kai ga takardar naira ashirin ta 2007 wadda ke ɗauke da hoton wata maginiyar tukwane 'yar wannan yanki, wato Ladi Kwali. Yau kuwa mai saye kan danna waya kawai, kuɗi su faɗa asusun mai tukunya ba tare da hannu ya taɓa komai ba.

Tafiyar kamar awa guda a mota daga Ushafa, a tsakiyar birnin Abuja, nan ne hedikwatar Babban Bankin Nijeriya da ta Hukumar Kula da Hada-hadar Hannun Jari da kuma Babbar Kotun Tarayya. A waɗannan ofisoshi ne aka yi ta kai ruwa rana tun daga 2017 a kan wani sabon nau'in kuɗi da samari ke kira kirifto, wanda babu gwamnatin da ta buga shi, babu kuma bankin da ya tsaya masa. Mutane da dama na ɗaukar al'amarin a matsayin baƙon abu da ba a taɓa ganin irinsa ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ƙasar Hausa da maƙwabtanta sun yi wajen shekara ɗari biyu suna ciniki da kuɗin da ba sarki ya buga ba, kuɗin da ake samowa daga wata uwa duniya, kuma abin da ya faru da masu riƙe da su a ƙarshe yana da abin da zai gaya wa mai shiga kasuwar kirifto.

Wuri

Ita kanta kalmar kuɗi jam'in wuri ce. Wuri kuwa ɓawon wata 'yar halittar ruwa ce da ake samu a tsibiran Maldif, cikin tekun Indiya. Mutanen tsibiran kan jefa ganyen kwakwa a ruwa, halittun su maƙale a jiki, a jawo a shanya a kan rairayi har naman ya ruɓe, ɓawon ya saura fari tas. Matafiyin nan Ibn Batuta ya zauna a Maldif a wajen 1343, ya kuma zo ƙasar Mali bayan kamar shekara goma, saboda haka ya ga kasuwar ta bakinta biyu. A Maldif ya tarar ana ba da wuri 400,000 a kan dinari ɗaya na zinariya, a Mali da Gao kuwa wuri 1,150 ne dinari. Duk wanda ya iya ɗauko wuri daga inda yake kamar tsakuwa ya kai shi inda yake kuɗi, ya ninka jarinsa fiye da sau ɗari uku kafin a cire wahalar hanya. Wannan tazara tsakanin farashin abu a tushensa da farashinsa a hannun mai saye na ƙarshe ita ce ƙashin bayan dukkan labarin.

Da farko ta Sahara wuri ke shigowa a kan raƙuma, kaɗan-kaɗan. Daga baya Turawan Fotugal da Holan da Ingila suka riƙa lodo shi a ƙasan jiragensu, su bi da shi ta Amsterdam da Landan, su sauke a gaɓar tekun Afirka ta Yamma su sayi bayi da shi. Bai kamata a manta da wannan ba: mafi yawan wurin da ya shigo a ƙarni na 18 da mutane aka biya shi. Daga bakin teku ya hauro ta ƙasar Yarabawa da ta Nupe, ya ratsa ƙasar Gwari da fatake zuwa Zariya da Kano. Tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya iso ƙasar.

Me ya sa mutane suka yarda da ɓawon da ba a ci, ba a sha? Dalilan a bayyane suke. Ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa, ba wanda ya iya ƙera na jabu, kuma ba a tsintarsa a rafin bayan gari, sai an sha wuya kafin ya iso. Yana da ƙanƙanta yadda za a sayi ƙosai ɗaya da shi. Bugu da ƙari, sarakuna sun karɓe shi a haraji, kuma duk abin da hukuma ta ce da shi za a biya ta, dole kowa ya neme shi. Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, wanda ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa kuɗin ƙasa wuri 2,500 ne a kan kowane maigida, ya kuma ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara a kan wuri miliyan 300. A ƙasar Hausa ba a huda wuri a zarga a zare kamar yadda ake yi a bakin teku, sai a ƙirga shi biyar-biyar da yatsu ana tara tsibi, har harshe ya sami kalmomin lissafinsa: hauya ashirin, zangu ɗari, zambar dubu, keso kuma buhun tabarma mai cin wuri 20,000. Barth ya ga yadda aka duƙufa ana ƙirga wuri 500,000 a Tasawa, ya kwatanta abin da aikin jarumta.

Manyan attajirai ba su tsaya ga wuri kaɗai ba. Suna da liyari, wato azurfar nan mai hoton sarauniyar Ostiriya Maria Theresa, wadda aka ci gaba da bugawa da shekarar rasuwarta, 1780, ko da bayan ta daɗe a kabari. Wuri na cefane ne da haraji, liyari na ajiya ne da cinikin nesa. Farashin liyari da wuri shi ne ma'aunin lafiyar kasuwa, kamar yadda farashin dala da naira yake a yau. Lokacin da Clapperton ya zo Kano a 1824 wajen wuri 2,000 ne, a zamanin Barth 2,500. A Barno ma, inda sai wajen 1848 aka karɓi wuri a zamanin Shehu Umar, Barth ya lura cewa son ribar manya ne ya kawo shi fiye da bukatar talakawa, kuma farashinsa da liyari yana ta hawa da sauka a kasuwar Kukawa. Ashe juya kasuwa daga sama ba yau aka fara ba.

Abin da ya karya wuri daga tushe ya taso. A gaɓar Zanzibar akwai wani irin wuri, ɗan babba, mai zobe rawaya a gadon baya, wanda ya fi na Maldif yawa da araha nesa ba kusa ba. A wajen 1845 wani ɗan kasuwar Hamburg mai suna Adolph Jacob Hertz ya gwada kawo shi Afirka ta Yamma, kuma masu sayar da manja a Wida da Ikko suka karɓa. Nan da nan kamfanin O'Swald na Jamus da na Régis na Faransa suka shiga. Masana tarihi Jan Hogendorn da Marion Johnson, waɗanda suka rubuta littafi a kan wannan ciniki a 1986, sun nuna cewa tsakanin 1851 da 1869 an sauke wurin Zanzibar fiye da biliyan goma a gaɓar yamma. Waɗanda suka fara kawowa sun kwashi riba mai yawan gaske, domin sun sayar da na araha a farashin na tsada kafin kasuwa ta farga. Da ta farga, darajar wuri ta zube a bakin teku, zubewar ta biyo hanyar fatake har Arewa, inda kafin ƙarshen ƙarnin liyari ya kai wajen wuri 5,000 a Kano. Charles Robinson, mai ƙamusun Hausa, wanda ya zo Kano a 1894, ya ba da labarin dokinsa da ya so sayarwa a hanya, amma ya ga wurin da za a biya shi sai 'yan dako goma sha biyar sun ɗauka, ladansu kuwa zai cinye kuɗin dokin har ya nemi ƙari.

Wa ya yi asara? Kamfanonin Hamburg sun riga sun mai da nasu manja da zinariya. Attajirin Kano yana da liyari da tufafi da dawaki da bayi. Wanda abin ya faɗa wa shi ne manomi da masaƙi da mai ginin tukwane, masu tara wuri ɗaya-ɗaya a tukunya su binne a ƙarƙashin gado don auren 'ya ko biyan haraji. Adadin da suka binne shi suka tono, amma hatsin da yake saye ya ragu da rabi.

Turawan mulkin mallaka suka ƙarasa shi. A 1904 aka hana shigo da wuri, a wajen 1908 aka fito da anini mai huda don ya maye gurbinsa a ƙananan sayayya, a 1912 aka kafa hukumar buga kuɗi ta Afirka ta Yamma, sannan sannu a hankali aka ce haraji sai da kuɗin Bature. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sule ya bazu a karkara. Wuri ya ci gaba da yawo a kasuwannin ƙauye har bayan yaƙin duniya na farko, daga nan ya koma kayan ado da na 'yan bori da 'yan caca. Mutane kuwa ba su saki jiki da sabon tsari nan take ba. Sun ƙi takardar kuɗi da aka fitar lokacin yaƙin, sun fi son abin da zai yi ƙara in an jefa shi ƙasa, kuma an ruwaito cewa da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, lodin raƙuma ashirin na sulallan azurfa Alhassan Ɗantata ya kai ajiya.

Sabon wuri

A ranar 31 ga Oktoba 2008, ana tsakiyar rugujewar bankunan Amurka, wani da ya kira kansa Satoshi Nakamoto ya fitar da wata 'yar takarda mai shafi tara yana bayanin kuɗin da za a aika daga mutum zuwa mutum ta intanet ba tare da banki a tsakani ba. A ranar 3 ga Janairu 2009 Bitcoin ya fara aiki. Dabarar ita ce a sami kundin lissafi guda wanda dubban kwamfutoci a faɗin duniya ke riƙe da kwafinsa, kowane sabon shafi a ƙulle da na bayansa kamar zoben sarƙa, yadda ba mai iya goge abin da aka rubuta sai ya fi ƙarfin sauran gaba ɗaya. Masu kwamfutocin da ke aikin tabbatar da shafukan ana biyansu da sababbin sulalla, shi ne ake kira haƙa.

Duk wanda ya tsara wannan abu ya san ciwon da ya kashe irin su wuri. An ƙayyade cewa Bitcoin ba zai taɓa wuce miliyan 21 ba, kuma ladan masu haƙa yana raguwa da rabi kusan duk shekara huɗu: ya fara da 50, ya koma 25 a 2012, sai 12.5 a 2016, da 6.25 a 2020, da 3.125 a Afrilun 2024. Ke nan an toshe ƙofar ambaliya daga cikin gida. Sai dai ƙayyade yawa bai ƙayyade farashi ba, domin farashi yana hannun masu nema. A watan Mayu 2010 wani ya ba da Bitcoin 10,000 aka kawo masa faifan fiza biyu. A Disambar 2017 guda ɗaya ya kusa dala 20,000, bayan shekara guda ya faɗo wajen 3,200. A Nuwambar 2021 ya kusa 69,000, a Nuwambar 2022 ya koma ƙasa da 16,000, a Disambar 2024 ya haye 100,000. Wanda ya saya a ƙasa ya daure ya ga alheri, wanda ya saya a sama da kuɗin makaranta ko na haya ya sayar a ƙasa dole, don bukata ba ta jira. Mafi hatsari su ne masu cinikin rance, waɗanda dandali ke ara wa ninkin jarinsu sau goma ko fiye. In mutum ya shiga da ninki goma, farashi ya juya masa baya da kashi goma cikin ɗari, jarinsa ya ƙare ƙurmus, kuma irin wannan juyi a kasuwar kirifto abin yini ɗaya ne.

Zanzibar kuwa ba ta rasa magaji ba. Ba a iya ƙara yawan Bitcoin, amma kowa na iya ƙirƙiro nasa sulen ya raɗa masa suna, kuma an ƙirƙiro dubbai a kan dubbai. Akwai masu amfani na gaske a cikinsu, irin su Ethereum da ya fara a 2015. Mafi yawa dai an yi su ne don masu su riƙe kaso mai tsoka, a yi ta kururuwa har farashi ya hau, su sauke wa 'yan baya su wuce. Kwatancin bai zo daidai ta kowace fuska ba, domin wurin Zanzibar an gauraya shi da na Maldif a farashi ɗaya, alhali kowane sulen intanet da nasa farashin. Amma wanda ke kusa da tushe shi ke cin ribar a duka biyun. Akwai kuma hatsarin mai ajiya, wanda ko wuri bai san irinsa ba: dandalin Mt. Gox na Japan ya durƙushe a 2014 da Bitcoin wajen 850,000, akasarinsu na mutane, FTX kuma ya bi sahu a Nuwambar 2022.

Abuja da kasuwar da ba ta da rumfa

Ta ƙofa mara kyau 'yan Nijeriya da yawa suka fara jin sunan Bitcoin. Shirin MMM na ɗan Rasha Sergei Mavrodi ya yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, alhali kuɗin 'yan baya yake biyan na gaba da su. Ya rufe asusun mutane a Disambar 2016, kuma hukumar inshorar ajiyar banki ta ƙasa ta ce kimanin mutum miliyan uku sun yi asarar naira biliyan 18. Da ya dawo a Janairun 2017 sai ya riƙa kwaɗaita wa mutane biya da Bitcoin, kuma a cikin watan ne Babban Banki ya fitar da gargaɗinsa na farko. A Oktoban 2020 masu zanga-zangar neman rushe rundunar SARS suka koma karɓar gudummawa da Bitcoin bayan an toshe musu hanyoyin banki. Ba a yi wata huɗu ba, a ranar 5 ga Fabrairu 2021, Babban Banki ya umarci bankuna su daina hulɗa da masu kirifto su kuma rufe asusunsu.

An hana ruwa bin kwata, sai ya bi ta cikin gida. Ciniki ya koma hannu-da-hannu: mai sayarwa ya ajiye sulensa a wurin dandali a matsayin amana, mai saye ya tura masa naira ta banki kamar kuɗin cefane, in ya tabbatar sun shigo dandali ya saki sulen. Banki ba ya ganin komai sai Audu ya tura wa Bala kuɗi. Abin lura a nan shi ne irin sulen da aka fi nema. Duk da sunan da Bitcoin ya yi, hajar da ta fi tafiya a wannan kasuwa ita ce USDT, wanda kamfanin Tether ke fitarwa tun 2014 da alkawarin kowane ɗaya daidai yake da dalar Amurka ɗaya. Ɗan kasuwar Kantin Kwari mai son biyan masaƙa a Sin, da ɗalibin da ake biya ladan aiki daga waje, da ma'aikacin da ke tsoron albashinsa ya narke kafin ƙarshen shekara, duk dala suke nema, banki kuwa ya ce babu. A ganina wannan shi ne liyarin zamaninmu, kuma kamar liyari, ƙarfinsa na wata ƙasa ne. Bambancin shi ne liyari azurfa ce a hannu, shi kuwa wannan alkawarin kamfani ne.

Gwamnati ta gwada fito da nata. A ranar 25 ga Oktoba 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da eNaira a fadarsa, ta farko irinta a Afirka. Ba ta karɓu ba, har wani bincike na Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 2023 ya nuna cewa fiye da kashi 98 cikin ɗari na lalitocin da aka buɗe ba a amfani da su. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: mai gudun naira ba zai fake a naira ba don kawai an sa ta cikin waya. Ko a farkon 2023, lokacin da sauya fasalin takardun kuɗi ya sa mutane kwana a layin banki, manhajojin tura kuɗi da masu na'urar POS ne suka ci kasuwar.

A Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta, ta tashi daga wajen 460 a dala zuwa sama da 700 cikin kwanaki, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta wuce 1,500 a hukumance, a kasuwar bayan fage kuma ta doshi 1,900. A da, in ana son sanin farashin dala, sai a tambayi 'yan canjin Wapa a Kano ko na Zone 4 a unguwar Wuse ta Abuja, sana'ar da Hausawa suka daɗe da riƙewa. A wancan lokaci kuwa sai ga shi mai saye da mai sayarwa duk suna leƙa farashin USDT a dandalin Binance kafin su buɗe baki. Kasuwa ta tashi daga inda jami'i zai iya zuwa da mota ya yi kame. Babban Banki ya riga ya janye haramcinsa a ranar 22 ga Disamba 2023, amma wannan bai hana rikici ba. A ƙarshen Fabrairun 2024 gwamnan bankin, Olayemi Cardoso, ya ce dala biliyan 26 sun ratsa ta Binance a Nijeriya cikin shekara guda daga hannayen da ba a tantance ba. A makon ne aka tsare jami'an kamfanin biyu da suka zo Abuja tattaunawa, Tigran Gambaryan da Nadeem Anjarwalla. Na biyun ya tsere a watan Maris, na farkon ya yi watanni a gidan yarin Kuje, sai a Oktoba aka janye tuhumar da ake yi masa ya koma gida. Binance ya daina hulɗa da naira tun a Maris, kuma a Fabrairun 2025 hukumar tara haraji ta kai shi ƙara tana neman diyyar dala biliyan 79.5 da harajin biliyan biyu.

Shin dandalin ne ya kayar da naira? Babu shakka kasuwar da ba mai sa ido a kanta tana da daɗin juyawa, kuma wasu na iya sa farashin ƙarya don su ja na gaskiya. Amma ruwa ba ya tsami banza. A shekarun da suka gabaci faɗuwar, Babban Banki ya yi ta ba gwamnati rancen kuɗin da ya ƙirƙira, har ya taru ya kai naira tiriliyan 22.7 da majalisa ta mai da shi bashin dogon zango a Mayun 2023, alhali dalar man fetur tana raguwa. Wannan ambaliya daga cikin gida ta fito, babu jirgin Hamburg a ciki. Bayan an kori Binance naira ta farfaɗo zuwa wajen 1,100 a Afrilun 2024, amma kafin shekarar ta ƙare ta koma sama da 1,500, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamba. Kamfanin bincike na Chainalysis ya sa Nijeriya ta biyu a duniya wajen rungumar kirifto a 2023 da 2024, bayan Indiya, ya kuma ƙiyasta abin da ya shigo tsakanin Yulin 2023 da Yunin 2024 a kan dala biliyan 59.

A Arewa, 2024 ita ce shekarar da abin ya shiga kowane lungu. Bayan wasu sun sami ɗan abin kashewa daga Notcoin a watan Mayu, sai samari da 'yan mata, har da magidanta, suka duƙufa danna fuskar waya dare da rana da sunan mainin, kowa na jiran ranar da za ta fashe, wato ranar da za a sa sulen a kasuwa. Hamster Kombat, wanda ya yi iƙirarin 'yan wasa miliyan 300, ya fashe a ranar 26 ga Satumba, kuma da yawa abin da suka samu bai biya kuɗin data da cajin waya ba. Lissafin mai sauƙi ne, don abin da aka raba wa mutum miliyan ɗari kyauta ba zai yi tsada ba. Masu Pi sun fi kowa haƙuri, tun 2019 suke jira, har wasu suka yi imani kowane ɗaya zai kai dala 314,159. Da a ce sun ninka wannan da biliyan 100 da aka ƙayyade za a fitar, da sun ga ya ninka abin da duniya duka ke samarwa a shekara wajen sau ɗari uku. An buɗe kasuwarsa a ranar 20 ga Fabrairu 2025, ya taɓa kusan dala uku, cikin 'yan makonni ya sauko ƙasa da ɗaya. Waɗannan dai lokacinsu suka rasa. Waɗanda suka zuba dukiya a CBEX, mai alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, suka wayi gari a Afrilun 2025 asusu babu komai, shekara takwas da 'yan watanni bayan MMM.

A nata ɓangaren hukuma ta sauya rawa. A Agustan 2024 Hukumar Kula da Hada-hadar Hannun Jari ta ba dandali biyu na cikin gida, Busha da Quidax, amincewar farko. A Maris 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari wadda ta shigar da kadarorin intanet ƙarƙashin hukumar, ta kuma tanadi ɗaurin da ya kai shekara goma ga masu shirin damfara irin na MMM. Dokar kuɗi ta 2023 ta riga ta sa harajin kashi goma cikin ɗari a kan ribar sayar da irin waɗannan kadarori, sannan dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 suka shigar da ribar cikin abin da ake lissafa wa mutum a matsayin samunsa. Sarakunan Kano da wuri suka karɓi kuɗin ƙasa, Turawa suka ƙi shi suka ce sai sule. Gwamnatin Abuja ta amince a yi cinikin kirifto, ta kuma nemi rabonta daga ribar, amma ba ta karɓarsa a matsayin kuɗin biyan haraji.